Tsamiyar Ta-Laraba

A gabas da Gidan Cindo, inda burtalin shanu ya ratsa gefen gonar Malam Labo, akwai wata tsamiya wadda mutum uku ba su iya rungume ta. Duk wanda ya tashi a garin ya san ba a wuce ta baki rufe. Ko sauri kake yi sai ka ce, "Sannu da hutawa, Ta-Laraba," sannan ka yi gaba. An ce wata doguwar mace ce ke zaune cikinta, kuma da tsakar rana, sa'ad da rairayi ke ƙona tafin ƙafa, akan hango ta tsaye da ƙwarya a ka. Ba ta taɓa kama kowa ba, ba ta taɓa shanye wa yaro ƙafa ba, shi ya sa mata ke cewa aljana ce mai haƙuri. Kowace Laraba sukan dama fura su ajiye a gindinta. Fulanin da ke wucewa da shanu ne ke shanyewa. Kowa ya san haka, ba mai faɗa.

Abin ya soma ɓaci ne tun da labarin ya fita gari. Mata suka riƙa zuwa daga nesa, wata bisa moto mai ƙafa biyu, wata cikin amalanke, wannan tana neman haihuwa, waccan mijinta ya tafi ci-rani ya yi shiru. Suka cika rassan ƙasa da tsummoki. Wata safiya Malam Labo ya je sharar gona ya tarar da gashin baƙar kaza da jini a gindin tsamiyar. Ran kasuwar Gangara kuma, yana ratsa layin mahauta, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba sarkin bori hanya!" Aka yi dariya har da masu kayan miya. Malam Labo mutum ne da sahun gaba ba ya wuce shi a masallaci. Ya dawo gida bai sayi komi ba, ya tsaya tsakar gida ya ce, "Asabar mai zuwa za a sare ta."

Mahaifiyarsa, Iya Yelwa, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana shan kunu. Ta haura tamanin. Ta ajiye ludayi cikin kwano, kuma daga wannan rana ban da ruwa ba abin da ya sake shiga bakinta.

Wadda abin ya fi tsaya wa a rai ita ce Habi, ɗiyar marigayi Ubaidu ƙanen Malam Labo. A hannun Iya Yelwa ta girma, kuma da aka yi mata aure cikin garin ba ta fasa kawo mata kunun safe ba. Habi irin matan nan ce da in ta hango maza zaune a ƙofar gida sai ta zaga ta bayan darni. Ko a gidan biki muryarta ba ta wuce bakin mayafinta.

"Kaka, ga shi da zafinsa," in ji ta ran Talata.

"Ajiye."

"Jiya ma haka kika ce, kaji suka sha."

"To kaji ba bayin Allah ba ne?"

Habi ta dubi hannun tsohuwar, duk jijiyoyi sun fito. Ta rasa gane kan abin. Kaka ba 'yar bori ba ce, tazbaha ba ta barin hannunta, kuma ita ce ke faɗa in ta ji an ɗaura tsumma ga tsamiya. Me zai sa ta kashe kanta da yunwa saboda itace?

Ran Laraba, duk da haka, tsohuwar ta sa aka dama fura, ta ce Habi ta kai, kamar yadda take aiken ta tun da gwiwoyinta suka ƙi tafiya. Habi ta bari sai hantsi ya take, lokacin da ba kowa a hanya. Tana isa ta tarar da tsohon moto a jingine, ga Malam Labo tsaye, ga wani dattijo yana zagaya gindin tsamiyar da igiya yana awo. Malam Maharazu ne, tsohon ma'aikacin gandun daji da ke zaune Gazawa, abokin Malam Labo tun ƙuruciya. Shekara biyar ya yi yana karatun itatuwa a Rasha, shi ya sa ba wanda ke kiransa sai da Ɗan Rasha. Malam Labo ya kira shi ne ya taya shi neman takardar izinin sara.

"Labo," in ji shi yana naɗe igiya, "wannan ta girmi ubanka, ta girmi Nasaran da ya fara zuwa ƙasar nan. Tsamiya irin wannan buro, ofishinmu na gandun daji, ba su ba da takardarta, kar ma ka wahalar da ƙafarka."

"Da takarda ko babu takarda, Asabar tana ƙasa. Gara gidan kaso da wutar lahira."

Habi ta yi niyyar komawa da baya, amma Ɗan Rasha ya riga ya gan ta.

"Wa nake gani? Ɗiyar Ubaidu? Kawo nan, kawo, yau ni ne aljanar."

Ta durƙusa ta miƙa, kunya kamar ta nutse. Ya kafa kai ya sha rabi, ya goge gemu, ya zauna bisa saiwa.

"Ni fa akwai abin da ke damuna," ya ce. "Wa ya raɗa mata wannan suna?"

"Aljani har sai an yanka mashi rago?" in ji Malam Labo.

"Zauna ka ji, sarkin gaggawa. Can inda na yi karatu suna da irinta. Rusalka suke ce mata. Mace mai dogon gashi, tana zama cikin kogi, in ganye ya fito ta hau itace ta yi ta lilo. Tsohuwar da ke share mana ɗaki har rantsuwa take yi ta gan ta da idonta. Ni na ɗauka sunan daga ruwa ya fito, ko daga daji. Sai wani malaminmu mai son tonon asalin kalmomi ya ce a'a, kalmar ma baƙuwa ce a bakinsu. Ya ce Rumawan da can suna da wani biki, Rosaliya, bikin furen wardi, lokacin da kowa ke kai fure ga kabarin nasa. Sunan ya yi ta tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, daga baki zuwa baki, har ya isa can ya zama sunan makon da suke tuna waɗanda suka rasu. Da aka daɗe sai aka ce ai cikin wannan makon ne matan nan ke fitowa. Ka ji yadda sunan mako ya koma sunan aljana."

"To sai me? Ɓatan wasu zai wanke namu?"

"Ban ce ba. Cewa na yi, kafin a yi aljanar akwai wani da ya je da fure yana hawaye. Wannan taku ma sunan rana gare ta. Da ni ne, kafin in ɗauki gatari sai na tambayi wa ya fara kawo ƙwarya."

"Kai dai tun da sanyin Rasha ya shige ka kai ba ka sake faɗin magana gajera ba," in ji Malam Labo. Suka yi dariya, suka koma maganar irin wake.

Habi ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya. Su sun manta da zancen, ita kuwa ya bi ta har gida. Wa ya fara kawo ƙwarya?

Ran Alhamis ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga gidajen mutane ba biki ba rasuwa. Ta fara da Mansura mai ƙosai, wadda ba ta fashin Laraba. Sai da ta gaishe ta sau uku kafin tambayar ta fito.

"Ni? Ga uwar mijina na gani," in ji Mansura tana juya ƙosai. "Ke yau lafiya? Har kin iya tambaya?"

Uwar mijin ta ce ga yayarta ta gani. Yayar ta rasu, amma an ce tare suke zuwa da Iya Husaina ta bakin rijiya. Iya Husaina ta makance, sai dai bakinta na nan da kaifinsa.

"Jikar Yelwa ce? Matso in taɓa ki. Har yanzu ba ki yi ƙiba ba, mijin naki me yake ba ki, iska?" Ta laluba fuskar Habi ta sake ta. "Ta-Laraba? Lokacin da aka kawo ni amarya gida bakwai ne a garin nan. Na tarar kakarki ita kaɗai ke zuwa. Shekarar ƙyanda muka binne yara kamar ana shuka, nata ko ɗaya bai faɗi ba. Muka ce akwai abin da matar nan ta sani. Muka tambaye ta, ta rufe baki kamar an ɗinke. Sai muka bi bayanta da namu ƙoren. Tun da ran Laraba take zuwa, muka ce ta Laraba ce. Waɗanda suka zo bayanmu suka ƙara mata tsawo da farin zane."

"Ba ta taɓa faɗin dalili ba, Iya?"

"Yelwa? Ai Yelwa mai abin mamaki ce. Sunan garin nan ba ta faɗa, don sunan mijinta ne, har gobe 'garin nan' take cewa. Amma ɗan farinta fa? Labo zo, Labo tafi. Cikin mutane take goya shi tana mashi rawa. Mu da ko kallon namu na fari ba mu yi in da idon jama'a! Mun zage ta har mun gaji, marar kunya."

Habi ta yi sallama ta fito. A bakin rijiya ta tsaya. Macen da ta yi shekara sittin ba ta furta sunan gari ba saboda kunyar miji, ba ita za ta kasa kunyar ɗan fari ba.

Ran Juma'a maza suka tafi masallacin Gangara, gida ya yi tsit sai kukan kurciya. Iya Yelwa tana kwance bisa tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Habi ta zauna wajen ƙafafunta tana matsa mata. Ta san in ta yi tambaya kai tsaye ba za ta sami komi ba. Uwa ba ta ƙirga 'ya'yanta, balle ta buɗe baki a kan na fari.

"Kaka, ni zan yi magana, ke ki yi shiru. In na yi kuskure ki ce a'a."

"Yau kuma wace sabuwar fitina ce?"

"Ke kika fara kai fura tsamiya."

Shiru.

"Ba don aljana kika kai ba."

Shiru.

"Baba Labo ba shi ne na fari ba."

Tsohuwar ta janye ƙafar da ke hannun Habi. Wata akuya ta leƙo ɗakin ta koma. Sannan tsohuwar ta yi magana, fuskarta na kallon bango.

"Akwai wata yarinya da na sani da. Shekararta sha shida. Mijinta ya kawo ta daji, bukka biyu ce kaɗai, tasu da ta uwarsa. Cikin damina Allah ya sauke ta, ran Laraba da hantsi. Mace. Gashi har nan." Ta taɓa goshinta. "Ran Talata mijin ya tafi neman rago, don gobe suna. Kafin ya dawo baƙuwar ta koma. Ruwa ya cika hanya, babu maƙabarta kusa, babu liman. Shi ya haƙa da kansa, a gindin itacen da ya fi kowane girma, don kar wuri ya ɓace. Yarinyar ta soma kuka, uwar mijin ta ce, kul, ba a kukan ɗan fari, kina so a ce ba ki da tarbiyya? Ta haɗiye. Ga nono na zuba, ga ba wanda za a ba. Da Laraba ta zagayo sai ta dama fura ta kai can, ta ce duk mai ƙishin da ya sha, ladan ya je inda ya dace. Ta tsaya ta yi abin da aka hana ta yi a gida. Shi ke nan. Sai ya zame mata jiki."

Habi ta goge ido da gefen zane. "Doguwar macen da ake gani da ƙwarya..."

"To, an ce yarinyar tana da tsawo a lokacin."

Dariya ta kuɓuce wa Habi cikin kuka. Tsohuwar ma kafaɗarta ta motsa.

"Kaka, me ya sa ba ta hana su ba, da suka ce aljana ce?"

"Ta ce masu me? Da wane baki? Mijin ya tafi, uwarsa ta tafi, ba wanda zai faɗa a madadinta. Kuma..." Ta gyara kwanciya. "Shekarun yunwa an sare duk itacen da ke dajin nan, har kututture aka tone. Wannan ba wanda ya ɗaga mata gatari. Kowa ya wuce sai ya gaishe ta. Yarinyar da ko suna ba ta samu ba, ga gari guda na gaishe ta. Sai matar ta yi shiru. Allah ya yafe mata, don ranar da ta ji an zubar da jini a wurin ba ta yi barci ba."

"Bari in faɗa wa Baba."

"Ni ban faɗa miki komi ba. Labarin wata na ba ki."

"To, labarin watan zan ba shi."

Tsohuwar ba ta ce a'a ba.

Da la'asar Habi ta je ƙofar turakar Malam Labo sau biyu. Duka biyun yana tare da baƙi, tana jin muryoyinsu ƙafafunta suka mai da ta. Ta ce da safe za ta tare shi kafin ya fita. Da safe kuwa, tana idar da salla ta zo, aka ce ai tun assalatu ya wuce da samari.

Ba ta san sa'ad da ta fara gudu ba. Ta bi burtali, ƙaya ta kama mata zane ta fizge. Tun daga nesa ta ji sara ɗaya, ta ji na biyu. Da ta isa, samari huɗu ne da gatura, sun tattara tsummokin sun tara gefe, Hamisu ɗan maƙera ya riga ya fitar da ɓawo mai faɗin tafin hannu. Malam Labo na tsaye da tazbaha.

Duka suka juyo suna kallonta. Ta zo gaban Malam Labo ta durƙusa.

"Baba, ina da magana."

"Ki bari in dawo gida."

"Ba ta jira, Baba."

"Kai jama'a, Habi ta yi magana," in ji Hamisu. "Bana damina da wuri za ta sauka."

Samari suka yi dariya. Malam Labo bai yi ba. Tun tana goye bai taɓa jin ta mai da mashi magana ba. Ya ɗaga wa Hamisu hannu ya dakata, ya ja gefe, ta bi shi.

"Ina jin ki."

"Baba, kana da ya."

"Ina da me?"

"Yaya. Mace. Kaka ta haife ta kafin kai, ran Laraba. Kwana shida ta yi. Kaka Cindo ya binne ta nan." Ta nuna da haɓa. "Wajen da Hamisu ya taka."

Malam Labo ya dube ta, ya dubi tsamiyar. Fuskarsa ta yi kamar zai yi faɗa, sai faɗan bai zo ba.

"Hamisu! Ɗauke ƙafarka daga nan!"

Hamisu ya yi tsalle gefe kamar ya taka maciji. Malam Labo ya zauna a ƙasa, nan cikin rairayi, da farar rigarsa. Habi ta ba shi labarin tun daga bukka biyu har zuwa ƙwaryar farko. Bai katse ta ba.

"Ina yaro," ya ce can, "sau nawa na yi dambe a kan wannan. Yara su ce uwata ba ta da kunya, tana kirana da suna. Na je na ce mata, Iya, ki daina. Ta yi dariya ta ba ni gyaɗa." Ya share fuska da hannun riga. "Jiya na ce wa liman zan tumɓuke shaiɗan daga gonata."

Ya miƙe ya ce wa samari su ajiye gatura su saro mashi ƙayar magarya, mai yawa. Suka tsaya suna kallon juna.

"Ba ku ji ba ne? Kabari za a shinge."

Bai jira ba, ya kama hanyar gida, Habi na biye. A ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya tuɓe takalmi ya tsuguna, bai shiga ba.

"Iya."

"Labo. An gama?"

"Ba a sare ba, Iya. Ba za a sare ba muddin ina numfashi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya jira har numfashinta ya daidaita.

"Iya, da kin faɗa mani."

"Kai ka taɓa jin uwarka ta yi rashin kunya?"

"Kullum, in ji mutanen gari."

Wani sauti ya fito daga ƙarƙashin mayafin, ba a san ko dariya ba ce ko kuka.

"Iya, zan kira liman a yi mata addu'a bayan la'asar. Amma da wane suna? Ba ku yanke wanda za a sa mata ba?"

"An yanke."

"To?"

Malam Labo ya dubi Habi, Habi ta dubi ƙasa. Sai tsohuwar ta ɗan ɗaga mayafi.

"Habi, matar nan mai daddawa ta kasuwar Gangara, mai wushirya, wadda ke zama kusa da masu tukwane."

"Hafsatu?"

"Daddawarta ba ta da kyau. Amma ba laifin sunan ba ne."

Malam Labo ya sunkuyar da kai. "Hafsatu," ya ce a hankali. Ya sake gwadawa, kamar mai gwada sabon takalmi. "Yaya Hafsatu." Ga furfura har gira, ga shi yau ya wayi gari ƙanen wata.

"Ke kuma kin tsaya kina kallon mutane," in ji Iya Yelwa. "Ina kunun? In mai sanyi ne kar ki kawo mani."

Bayan la'asar rabin gari ya hallara a gona. Liman ya yi addu'a, ya ce sadakar fura ga mai ƙishi abu ne mai kyau, amma yanka da ɗaure-ɗaure sun ƙare, wanda ke kwance nan jaririya ce, ba ta ba kowa haihuwa, ba ta dawo da miji. An kawo Iya Husaina cikin amalanke. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Shekara hamsin ina gaida ɗiyar Yelwa da durƙuso!" Ɗan Rasha ya zo da wani baƙin magani a gwangwani ya shafe wurin saran, ya ce kafin damina biyu zai rufe. Iya Yelwa ba ta je ba. Ta ce ita me ya kai ta taron mutane.

Sai dai labari ba ya isa nesa da saurin da ya isa kusa. Laraba ta gaba Habi ta kai fura, ta tarar da wata mata tsaye a bakin shingen ƙaya, ƙura har gwiwa, wani abu na motsi ƙarƙashin hijabinta. Baƙuwa ce, daga can wajen Sae Sabuwa, mota biyu da moto ta hau kafin ta iso.

"Baiwar Allah, nan ne wurin Ta-Laraba? Me ya sa aka rufe?"

Da can Habi sai ta ce ba ta sani ba ta wuce. Ta ajiye ƙwarya, ta ce, "Zauna ki sha, kin sha hanya." Matar ta zauna. Habi ta ba ta labarin, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da ta gama, matar ta dubi cikin shingen.

"Kwana nawa kika ce ta yi?"

"Shida."

"Nawa wata biyu ya yi. Shi ne na fari. Tun daga shi shiru, shekara huɗu." Ta murza bakin hijabi. "Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba."

"Yaya sunansa?"

Matar ta duba hagu, ta duba dama. Ba kowa sai shanu can nesa.

"Abdurrahaman."

Suka zauna, inuwa ta matsa suka matsa tare da ita. Matar ta yi kukanta, Habi ba ta ce ta yi haƙuri ba sai da ta gama. Ta faɗa mata ran Litinin ungozomar likita na duba mata a Gazawa, kuma in tana so ta zauna gidan su Habi har ranar, su je tare. Abin da ke ƙarƙashin hijabin ya gaji, ya leƙo da kai ya yi ƙara.

"To wannan fa?" in ji matar. "Ya zan yi da ita?"

Habi ta dubi kazar, baƙa wuluk, ta yi ƙiba.

"Ki mai da ta gida ta yi miki ƙwai."